Gita da Zaren Fatsa

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin da na rungumi gita a gaban jama'ar cocinmu a Warra ba. Wata biyu kacal na yi ina koyo a waya, kamun yatsu iri uku kawai na iya, waƙa ɗaya tak, ita ma irin wadda yara ke rerawa. (Amma in ka ga yadda nake rataya ta a kafaɗa, sai ka rantse da ita aka haife ni.) Inna kuwa ta bi matan zumunta, mawaƙan cocinmu, ɗaya bayan ɗaya tana shaida musu ɗanta ne zai kaɗa musu. Tun rasuwar babanmu ban ga ta yi fara'a haka ba.

Ranar jajibere, garin ƙwarewa, na tsinke tsirkiya biyu. Wa zai sayar maka da tsirkiyar gita a Warra? Sai na gangara bakin ruwa wajen maƙwabcinmu Baba Sani masunci, na roƙi zaren fatsa.

"Wanga zare ko giwan ruwa ba ya tsinka shi," in ji shi. "Amma sabo na, ɗana, sai ya kwan biyu yana miƙewa."

Rabin farko na maganar kawai na ɗauka, na yi godiya na wuce.

A coci baitin farko ya tafi sumul, har ina gyaɗa kai. A na biyu zare ya fara saki. Sautin ya riƙa yin ƙasa, matan suna bin sa, sai da muryoyinsu suka koma kamar na maza masu mura. Na kai hannu in ɗaure, na murɗa ta baya. Gumi ya wanke ni. Ga lasifika an kafa a waje, har 'yan tashar kwalekwale suna sauraro.

Mama Rifkatu, shugabar zumunta, ta harare ni, ta rafka wa tulun kiɗanta duka, mata suka koma kan ainihin muryar waƙar suka bar ni. Duka, ban da mutum ɗaya. Inna, wadda kowa ya san ta fi su murya, ta tsaya a kan nawa karkataccen sautin, idonta a kaina, tana raka ni har baiti na ƙarshe. Kunya ta kama ni, tausayinta ya fi kunyar.

A hanyar gida na ce, "Inna, don me ba ki bi su ba?"

"Su suna da yawa," ta ce. "Kai fa?"

Daga ranar na koyi darasi: kada ka fito da abin da ba ka iya ba in uwarka na cikin taro. Ita dai ba za ta bar ka ka ji kunya kai kaɗai ba, sai ku sha ta ku biyu.