Ranar da Kaka Ta Mayar da Garinsu Birni

Tsoron ya kama shi ne a barandar asibitin garinsu, lokacin da ya ga baƙuwar ta daina murmushi ta soma rubutu. Ma'aikatar lafiya ce ta turo ta ta tantance garuruwan da har yanzu karkara ne. Wanda aka bari a karkara, a bar masa nas da magani kyauta. Wanda aka ce ya zama birni, a janye. Shi kuwa bai daɗe da gama jami'a ba, yana taya asibitin aiki kafin nasa ya samu, shi aka ce ya raka ta. Kakarsa na kan benci tana jiran gwajin suga. Baƙuwar ta rusuna ta ce, "Mama, ya zaman ƙauye?" Amsar da Kaka ta bayar ce ta hana shi sukuni tun ranar.

Yau ya kawo wa Kaka allurarta gida daga firijin asibitin.

"...lafiya lau, Mai Digiri. Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar wanda ya zo biko."

"Wa zai yi bikonki? Matar birni na zo gani."

"Ga ta. Cire takalmi kar ka ɓata mata ɗaki."

"Kaka, me ya kai ki ce wa matar nan muna da banki?"

"Ba mu da shi?"

"Mutumin da ke zama ƙarƙashin lema da ɗan inji a hannu?"

"Kuɗi na fita ko ba sa fita?"

"Kin ce muna da kwalta."

"Da idona na ga an zuba ta."

"Daga tasha zuwa injin niƙa. Akuya ma tsallake ta take yi. Ga fitilun titi da kika lissafa mata."

"Ai ban ce suna kamawa ba. Ta tambaye ni?"

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya zauna a bakin gado ya zare murfin allurar. Kaka ta zuba wa yatsunsa ido.

"Ko riƙon allura ba ka iya ba. Digirin nan a kasuwa ubanka ya sayo maka?"

"Idan suka ce birni ne, nas za ta tafi, Kaka. Firijin ma ɗauke shi za su yi. Allurar nan sai babban asibiti, ke da ƙafarki ba ta kai ki bakin titi. Ina tsaye kika faɗa, na kasa buɗe baki."

Ta murza gefen zanenta.

"Da aka kawo ni garin nan," ta ce, "a amalanke ake tura mai naƙuda. Wata ta isa, wata a juyo da ita a hanya. Duwatsun harsashin asibitin nan a ka kakanka ya ɗebo su. Sannan yarinya ta zo da takalmi mai tsini ta ce mini ƙauye."

"Ba zagi take ba. A wurinsu kalmar aiki ce."

"A wurinmu zagi ce. Kai ma da ita kake tsokanata tun majina na sauka maka a baki. Baƙauyiya kaza, baƙauyiya kaza."

"To yau roƙonki nake ki zama ita."

Ta dube shi, sai dariya ta kuɓuce mata, har da tari.

"Ikon Allah. Miji ya yi boko ya dawo yana roƙon a ƙasƙantar masa da mata. Ɗauko wayarka ka kira ta. Ce mata tsohuwar ruɗewa take yi. Ce mata in na ga mota, bayan ƙyaure nake ɓuya."

"Na kira. Ta ce ta riga ta miƙa rahoto, amma za ta ƙara bayani."

"To ta ƙara da cewa jikana ma baƙauye ne. Su zo su ga yadda yake taka ƙafa."

Ta cusa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro ƙullin alewa ta ɗora masa a cinya.

"Ungo. Ka ci ni yau."

"Alewa, Kaka? Da sugan naki? Tun yaushe kike ɓoye wannan?"

"Matar birni ce ta saya. Ni ban san ta ba."

Ya zuba alewar a aljihu, sannan ya yi mata allurar. Kwamitin da zai yanke hukunci bai zauna ba tukuna. Har yau ba a kira asibitin ba.