Magajin Maganin Kunama

Ranar da kunama ta harbe ni a gonarmu ta Dosara, ban gaya wa kowa ba, na hau babur sai asibitin Maradun. Likita ya yi mini allura a yatsa. Ya ce dafin yana buɗe ƙananan ƙofofin gishiri a jijiya su ƙi rufuwa, shi ya sa saƙon zafi ba ya yankewa. Allurar za ta toshe su, amma na ɗan lokaci. Wannan ƙarshen ne ban saurara ba.

Da la'asar na isa majalisa, har da surukina a zaune, ina murza yatsan. "Gidanmu an sha maganin kunama tun kakanni," na ce. "Ta harbe ni, ko gezau ban yi ba."

Ina cikin cika baki ƙofofin suka buɗe. Na ƙudurta ba zan ba da kai ba. Na cije leɓe, gumi na tsiyaya.

"Malam, lahiya?" in ji surukina.

"Lahiya lau, Baba... Wayyo Inna!"

Har yau duk gidan da aka ga kunama ni ake aiko wa, wai in zo da maganin, amma in bar Inna ta huta.