Kunnen Kaka Ya Rame

"...ya kwanan amarya? Kai! Wannan hodar fa, buhu nawa aka juye miki?"

Dogo mai gyaran waya ke nan, ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara tsokanar kakarsa. Ita kuwa tana bakin gado ta kafa ɗauri kamar rumfar kasuwa, ga turare har kajin maƙwabta na atishawa. Shekaranjiya santsi ya kwashe ta a banɗaki, haƙorin gaba ya yi nasa wuri, goshi ya yi ƙulu. Yau kuma autarta da ke aure a nesa za ta kira ta a bidiyo, kuma Auta ta daɗe da rantsewa: ranar da tsohuwa ta sake faɗuwa, za ta zo ta kwashe ta, a garƙame gidan nan.

"Rufe min baki, mijin banza, sai tsawo ba cefane. Zo ka nuna min inda ake dannawa giɓi ya toshe."

"Giɓi? Wannan ai ƙofar gareji ce. Babur ɗina zai shige."

"Har da kai a kai. Ni kaina da na duba madubi sai da na yi wa matar jaje, na ce baiwar Allah wa ya doke ki?"

"To turaren na mene ne? Waya ba ta kai ƙamshi."

"Ka ji mugun halinta! Abin da kake so a ji ba ta kaiwa, abin da kake ɓoyewa shi take talla da shi. Zamanin kakata ɗan aike ake tashi da ƙafa. Kafin ya isa da labarin ka faɗi, ka warke har ka sake aure."

"Zamanin kakarki ko naki? An ce a kogon dutse aka fara barin saƙo, zanen saniya. Na gani, har da sa hannunki."

"Sa hannu? Ni ce saniyar. Ka duba da kyau, lokacin haƙorana cif suke."

Dogo ya zube ƙasa yana dariya.

"Mu kuma mai rubuta wasiƙa muka tarar," in ji Kaka. "Ka je masa kana tari kamar tsohon injin niƙa, ya rubuta muna nan lafiya lau. Mutumin kirki, ga ƙarya ga kyan rubutu. Da kakanka ya tafi aiki nesa, kaset nake masa. In kuka ya taho, in mayar baya in goge in sake. Na goge na goge, har ya dawo yana fushi wai ban yi kewarsa ba. Yanzu fa? Ko ƙuda ya sauka a hancinka sai an gan shi a wata duniya."

"Uwargida, kwantar da hankalinki. Tunda aka saya miki wayar nan, kin taɓa ganin fuskar Gwaggo Auta a ciki?"

"Ina zan gani? Magana ai da kunne ake jin ta."

"To ita ma kunnenki kawai take gani. Duk kiran bidiyo a kunne kike manna ta. Ta san shi fiye da likita."

Kaka ta saki baki, giɓi ya sha iska. "Wato duk ɗaurin da nake kafawa, kunne nake wa kwalliya?"

Sai ga waya ta ɗau ruri. Kaka ta yi masa alamar ya yi shiru, ta manna ta a kunne yadda ta saba, tana murmushin wadda ta tsira.

"Mama," in ji Auta, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba, "kunnen nan ya rame. Kuma yau har da hoda a kansa. Me kike ɓoye min?"

Kaka ta dubi Dogo. Dogo ya dubi silin. Ta ja numfashi, ta juyo da wayar gaban fuskarta, ta washe baki gaba ɗaya.

Salatin da Auta ta saka, masu wucewa a titi sai da suka amsa. "Gobe ina hanya! Ki haɗa kayanki!"

Dogo ya cuso kansa kusa da ƙulun. "Haba Gwaggo, raba aure za ki yi? Yau ɗin nan zan tare a gidan matata. Banɗakin ma ni zan sa masa abin dafawa."

Auta ta share ido. "Ka kwana ɗaya a waje, na zo da mota."

Da aka kashe, Kaka ta kwance mabuɗi daga bakin zaninta ta cilla masa, tana dariya har da fito ta giɓin.

"Ka ci, ja'iri. Ɗakin kakanka ne, rediyon kaset ɗin ma na ba ka. Amma ka sani, munshari nake, kuma shi ba a mayar da shi baya a goge."