Rasuwar Firizar Gidan Ladan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya daɗe har ya daina zafi, iyalan marigayi Ladan Garba masunci, na unguwar bakin ruwa a Yelwan Yauri, ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan ciniki rasuwar firizarsu, wadda yaran gidan ke kira Goggo Fara. Ta cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, bayan doguwar jinya, a kusurwar rumfar da ta zauna shekara goma sha ɗaya. Matar gidan, Murjanatu, tana zaune kusa da ita tana tsince shinkafa.

Marigayiyar ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ta yi ƙuruciyarta a wani gida can Turai kafin ta tsallako ruwa. Ladan ne ya sayo ta kwance, wato ta hannu, a Kontagora, wata shekara da kifi ya yi albarka, aka ɗaure ta da igiyar jirgi a bayan a-kori-kura har ƙofar gida. Ta zo da lotsawa a haƙarƙari da ƙafa ɗaya guntuwa, aka tokare ta da bulo, kuma a kan bulon nan ta yi rayuwarta ba ta taɓa ƙorafi ba.

An shaide ta da riƙon amana. Abin da aka ba ta ajiya, shi za a tarar. Ba ta raina kaɗan: rabin albasa, ludayin miya guda, guntun tuwon da yaro ya ture, duk tana karɓa. A dalilinta aka manta yadda ake zubar da abinci a gidan. Da azumi kuwa ita ce mai ciyarwa, don da ƙanƙararta da zoɓonta da kunun ayarta ake sayen sabulu da littattafan makaranta.

Ba mai yawan magana ba ce. In an kawo wuta takan ce “tak!”, ta ɗora da “huuum” mai tsawo, duk gidan ya san an kawo. In an ɗauke ta yi “gir-gir-gir” ta girgiza jiki, sai shiru.

Ciwon ya fara ne da bazarar bana. Wutar da ake kawowa ba ta da ƙarfi, ita kuma ta dage tana ja. Ta soma gumi a gefe. Sau biyu Benjamin mai gyaran firij yana ƙara mata gas, ta ɗan farfaɗo, ta koma. Ranar Talata ta ce “tak” sau uku a jere, “huuum” ɗin bai biyo ba. Benjamin ya zo, ya durƙusa a bayanta, ya dafa, ya shinshina, ya miƙe yana goge hannu.

“Maman Hasiya, sai haƙuri. Kwamfaresa ta ƙone. Ko an sa wata, tsatsa ta cinye cikin, gas ba zai zauna ba.”

“To,” in ji Murjanatu.

Ya tattara kayan aikinsa, ya ƙara da cewa:

“Ki kwashe kayan ciki. A zafin nan, kwana biyu ne iyaka.”

Marigayiyar ta bar randar ƙasa, wadda ta riga ta zuwa gidan kuma yanzu aikin ya koma kanta. Ta bar kula ɗaya mai fasasshen murfi, da fankar da suke shan wuta a soket ɗaya, da robobin zoɓo da ba su da sauran madafa. Cikin mutane ta bar Murjanatu, da 'ya'yanta mata biyu, Hasiya da Zahra'u, da Inna Barira, mahaifiyar Ladan.

Ta kuma bar gado, an raba shi cikin kwana biyu, don ba ya jira. Abinci ya yi tsadar da ba a barin ko loma ta lalace, sai Murjanatu ta ɗaura zani ta bi kayan daga sama zuwa ƙasa, mai saurin lalacewa a gaba. Sauran miyar kuka da ta kuɓewa ta haɗe su tukunya ɗaya, ta ƙara daddawa, aka ci da ɗumamen tuwo. Markaɗaɗɗen tumatir ta dafa shi har ruwan ya tsotse, ta soya da manja ya yi duhu, yadda zai yi mako a kwano. Dafaffen wake da guntayen shinkafa na ranaku daban-daban suka shiga dafa-duka. Ƙafafun ragon layya da aka manta da su suka yi farfesu, aka aika wa maƙwabciya Aishatu kwano ɗaya. Kabewar da ta yi laushi ta shiga faten tsakin masara da aka kakkaɓo daga gindin buhu. Yara suka ce ba su taɓa cin daɗi a jere haka ba. Murjanatu ta ji su, ta gyaɗa kai. Hannunta na aiki, ita kuma tana kallon hannun kamar na wata.

Ranar Alhamis da hantsi kwasar kaya ta kai ƙasan firizar. Saura baƙar leda ɗaya, an naɗe ta da buhu, ƙanƙarar jikinta ta zama ruwa. Murjanatu ta tsaya a kanta, murfin firizar na jingine a kafaɗarta.

Rabin giwan ruwa ne. Wata tara da suka wuce Ladan ya kamo shi, ya sayar da rabi, ya gyara rabin da hannunsa ya saka. Ya ce, “A aje wanga, sai Inna ta zo daga Shanga mu ci tare.” Washegari ya shiga ruwa, iska ta taso da la'asar, jirginsa ya kife. Kwana biyu bayan nan aka tsamo shi wajen Wara. Inna ta zo daga Shanga, amma zaman makoki ya kawo ta, kuma ba ta koma ba. Murjanatu ta yi takaba ta fita, ba ta taɓa ledar ba, ba ta faɗa wa kowa ba. Duk ranar da wuta ta daɗe ba ta zo ba, takan sayo ƙanƙara ta jera a kanta, ko da ranar ba a sa nama a miya ba.

Inna Barira ta taso daga tabarma tana dogara bango.

“Murja, mi kika gani kika tsaya haka?”

“Kifi ne, Inna.”

“Na yaushe?”

“Nashi ne. Na ƙarshe.” Ta ɗago ledar tana ɗiga. “Ke ya aje ma. Ya ce sai kin zo.”

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ledar. Sannan ta karɓa, ta kwance, ta kai hanci.

“Bai ɓaci ba,” ta ce. “Wata tara ina gidan ga, ɗiyata.”

“Na kasa, Inna.”

“To ga ni na zo. Hura wuta.”

Murjanatu ta hura. Ta wanke kifin da lemun tsami, ta ga inda wuƙarsa ta bi, yankan nan nasa na karkace da ba ya canzawa. Ta dakata ko hawaye zai zo. Bai zo ba. Ta daka citta da masoro da kanumfari, ta zuba attaruhu biyun da suka rage, ta rufe tukunya.

Suka ci su huɗu a kwano ɗaya bayan la'asar. Gaskiya ita ce sanyi ya riga ya shanye daɗin kifin. Naman ya bushe, yana wargajewa a baki kamar auduga, romon ne kawai ke da ɗanɗano. Ba wanda ya faɗa. Zahra'u, ƙaramar, da aka gaya mata na Baba ne, ta tauna a hankali tana duban fuskar uwarta. Inna Barira ta tsotse ƙashin bayan tas, ta ajiye a gefen kwano.

“Ya iya zaɓen kifi,” ta ce. “Tun yana yaro.”

Murjanatu ta cinye rabonta, ta wanke kwano, ta ɗauko tsumma ta tsane ruwan da ya taru a cikin firizar, lungu-lungu, ta bar murfin a buɗe ya sha iska.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Benjamin zai cire kwamfaresa da wayoyi, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su tafi da su. Gangar jikin kuwa za a ɗora ta a baro zuwa bakin ruwa, inda Aishatu za ta riƙa zuba mata ƙanƙara da kifin sayarwa, ƙarƙashin rumfarta. Mai son raka ta, ya zo da wuri. Bulon tokare zai bi ta.

Ba za a yi sadakar uku ko ta bakwai ba, abin da za a dafa an riga an cinye. Ba za a yi zaman makoki ba, gidan ya yi nasa. An tambayi liman, ya ce ba a nema wa ƙarfe gafara, don haka mai addu'a a baki ya yi wa Ladan. Masu zuwa gaisuwa za su sha ruwan randa. Murjanatu ta roƙi kada a tambaye ta yaya haƙuri. Ta ce ranar da ta ji wani abu, za ta faɗa.