Ranar da Na Zuba wa Kwamfuta Man Keken Ɗinki

Wawan da ke cikin wannan labari ni ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Kuma ba zan taɓa mantawa da shi ba, don ko na yi niyyar mantawa, matan unguwarmu a Salaga sun ɗauki nauyin tuna mini duk lokacin da na wuce zuwa masallaci.

Ni tela ne, ko in ce na yi telanci har idanuna suka daina shiri da ramin allura. Boko ma na yi, kada wani ya raina ni. Na yi nisa a firamare kafin mahaifina ya yanke hukuncin cewa Turancin da na tara ya isa auna wando. (Har yau in aka kawo takardar asibiti gidanmu ni ake miƙa wa, in karanta da ƙarfi, sannan a kai wa wani ya faɗi abin da ke ciki.)

Matata Hajiya Memuna tana da yaya guda ɗaya, Azumi, wadda ta yi aure a Yendi. Ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta raka ta gidana, ita ce kuma ta shafe shekaru tana gaya mini cewa ban iya ɗinka hannun riga ba. Allah ya yi wa Azumi rasuwa bara da damina. Hajiya ba mai yawan kuka ba ce. Abin da na lura da shi kawai, in la'asar ta yi, lokacin da suka saba hira, sai ta ɗauki waya ta duba, ta mayar ta ajiye. Wata rana tana tsince shinkafa ta ce mini muryar Yaya ta fara ɓace mata. Maganganun tana tuna su, amma sautin ya ƙi zuwa.

Ana nan sai 'ya'yan marigayiya, wajen raba kayanta, suka tsinci wani faifan bidiyo a ƙasan akwati. Na bikin 'yarmu Fuseina ne, inda Azumi ta yi uwar biki, ta hana kowa magana daga ɗaurin aure har kai amarya. Namu kwafin an ara tun tuni bai dawo ba, mai hoton da ya ɗauka kuma ya bar gari. Wato wannan ne kaɗai ya rage a duniya. Suka naɗe shi a ɗankwali suka aiko mana ta hannun wata mai sarin doya.

Na'urar kallon faifai ta gidanmu ta daɗe da mutuwa, amma ina da kwamfutar tafi-da-gidanka. Surukina Idirisu, mijin Fuseina, wanda ke aikin kwamfuta a wani ofishi a Bawku, shi ya ba ni tsohuwar tasa don in riƙa sauraron tafsiri ina ganin jikoki. Ya haɗa ta da wayata, ta iska take jan intanet, ba igiya ba komai. Ranar da ya ba ni, ya yi mini bayani cewa tsarin da ke cikinta ba na wani kamfani ba ne, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi shi kyauta, kuma a buɗe yake, kowa na iya shiga ya gyara. Yaro ne mai hankali, amma a nan ya yi kuskure. Duk dogon bayanin nan, abin da ya zauna mini shi ne kowa na iya gyarawa. Ni kuwa ina cikin kowa.

Fuseina da mijinta za su zo ranar Asabar. Hajiya ta ce in bar faifan har su iso, ta kuma aika wa ƙawayenta da suka san Azumi cewa su zo bayan azahar a kalla tare. Na ce to. Amma gaskiyar magana, ina so a ce ni ne na dawo mata da muryar yayarta. Shekara da shekaru tana dafa mini tuwo, ban taɓa yi mata wani abin da za ta ba da labari ba. Don haka ranar Juma'a da hantsi, da ta tafi kasuwa, na ɗauko faifan daga inda ta ɓoye shi.

Na danna maɓalli, 'yar durowar faifai ta fito daga gefen kwamfutar, na ɗora shi na tura. Sai ta fara gurnani, kurrr, ta yi shiru, ta sake. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar da rubutun Turanci. Na gyara tabarau na karanta shi da ƙarfi har sau biyu. Na gane cewa wani abu ne babu, amma ko mene ne, ba su yi wa mai karatu adalci ba.

Na sha ganin Idirisu yana buɗe wani baƙin allo yana rubuta wa kwamfutar umarni, tana bi. Na lalubo allon. Na rubuta mata buƙatata cikin ladabi, da irin Turancin wasiƙar neman aiki da aka koya mana, har da gaisuwa a sama da godiya a ƙasa. Ta amsa da layi ɗaya, cewa ba ta san wannan umarni ba. Ko gaisuwar ba ta mayar ba.

A nan telancina ya motsa. In riga ta ƙi zama a jiki, ka juya cikinta ka duba, za ka ga zaren da ya yi saura, ka datse. Na shiga wurin da aka jera duk manhajojin da ke cikin kwamfutar, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda sunanta bai yi kama da sunan abin kirki ba, baƙaƙe da lambobi a cakuɗe kamar lambar mota, na cire ta. Takan tambaye ni ko na tabbata, in ce na tabbata. Ta nemi kalmar sirri, na ba ta, don Idirisu ya koya mini. Can na lura 'yar alamar nan mai kama da mafici da ke saman kusurwa, wadda ke nuna an kama intanet, ta ɓace. Na ɗauki hakan a matsayin ci gaba. Na ce kaya sun ragu, yanzu za ta yi sauƙi.

Na sake tura faifan. Gurnanin nan dai.

To, duk wanda ya zauna gaban keken ɗinki ya san ma'anar wannan kuka. Ƙarfe ne ya bushe yana cin ɗan'uwansa. Na tashi na ɗauko 'yar gwangwanin man kekena mai dogon baki. Na ciro faifan, na ɗiga mai a kan abin da ke juyawa a tsakiya. Na ga wani ɗan ido na gilashi a gefe yana ƙyalli a kan sandunan da yake zamewa, shi ma na ba shi rabonsa. Ban yi rowa ba. Sannan na mayar da faifan Azumi ciki, na tura.

Wallahi gurnanin ya yi laushi. Na zauna ina murmushi ni kaɗai. Sai dai wannan karon ko akwatin Turancin bai fito ba, kwamfutar ta yi kamar ba a saka mata komai ba. Na ce wataƙila man ne bai gama ratsawa ba, a bar shi ya kwana. Na rufe ta da faifan a ciki, na mayar da ɗankwalin inda yake, na tafi Juma'a da zuciya fara.

Asabar bayan azahar tsakar gidanmu ya cika. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa, tsofaffin mata sun zauna da carbi da goro, Hajiya ta sa mayafin da Azumi ta ba ta. Baƙin Bawku sun iso a gajiye, sun ci abinci. Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da ɗankwalin babu komai a ciki, tana kallona. Na ce kada ta damu, faifan na cikin kwamfuta, na fara aikin tun jiya don in rage wa yaro wahala. Na ƙara da cewa ni dai ban yarda da kayan kyauta ba, don abin ya ba ni matsala ƙwarai.

Idirisu ya durƙusa gaban teburin ya kunna. Ya dubi kusurwar sama, bai ga maficin ba. Ya danna maɓallin durowar, ta fito a hankali, faifan na sheƙi kamar an ciro shi daga kaskon ƙosai. Wani ɗigo ya sauka a kan teburin. Ya taɓa da yatsa, ya kai hanci, ya sunkuyar da kai.

Kun san tsakanin mutum da surukinsa. Yaron nan ko abinci ba ya ci a gabana. Ina ganinsa yana neman hanyar da zai bi ya fita ba tare da ya taka ni ba. Da ƙyar ya ce, yana kallon ƙasa, "Baba, da alama danshi ne ya ɗan shiga."

Na cafke maganar da hannu biyu. Na ce ai dama na faɗa, iskar da ke tasowa daga tafkin Makango ba ta barin ƙarfe lafiya a garin nan, ko almakashina tsatsa suke yi. Na fara yi wa matan bayani a kan danshi, har wata ta gyaɗa kai.

Fuseina ce ta matso. Yarinyar da ta yi rarrafe a ƙarƙashin kekena, ta yi barci a kan ƙyallayen shagona. Ba ta ma taɓa faifan ba, daga tsaye ta shaƙa.

"Baba, wannan ai man keke ne."

Gwangwanin kuwa yana kan taga a bayana, da dogon bakinsa, kowa na ganinsa ban da ni. Wata tsohuwa ta fara dariya a cikin mayafi, ta kusa da ita ta kama, kafin ka ce me rumfar ta ɗauka. Ɗaya ta tambaya ko na sa wa kwamfutar sabuwar allura ma. Na tsaya ina gyara hula, ina neman ayar da ta dace da halin da nake ciki.

Duk wannan da sauƙi. Da na juya sai na ga Hajiya ba ta dariya. Tana riƙe da ɗankwalin a cinya, idonta a kan faifan. Ba ni ta tambaya ba, Idirisu ta tambaya, da murya ƙasa-ƙasa.

"Ya mutu ke nan?"

Dariyar ta tsaya. Ni kuwa a nan ne kunyar gaske ta same ni, irin wadda ba a gyara mata hula.

Idirisu ya ce in Allah ya yarda bai mutu ba, a ba shi ruwa mai tsabta da ɗan sabulu da ƙyalle mai laushi. Ƙyallen ni na kawo, shi ne kaɗai taimakon da aka karɓa daga hannuna ranar. Ya wanke faifan a hankali kamar mai wankan jariri, yana shafawa daga tsakiya zuwa baki, ya jingine shi a inuwa. Durowar kam ya ce sai dai haƙuri, idon da ke karanta faifai ya sha mai. Fuseina ta hau babur ta je wajen wani mai hoto kusa da tashar mota, ta aro irin durowar da ake jonawa daga waje.

Kafin ta dawo ya zauna da kwamfutar. Na tambaye shi, da muryar masu bincike, mene ne asalin ciwon. Ya yi ta kewaye-kewaye, amma abin da na tsinta shi ne durowar lafiyarta ƙalau tun farko, gurnanin nan haka kowace ke yi. Wata ƙaramar manhaja ce ta kallon irin wannan bidiyo babu a ciki, akwatin Turancin ma tambayata yake ko a ɗauko ta daga intanet. Da na danna e, da an gama. Yanzu kuma intanet ɗin ba ya kamawa, domin a cikin zaren da na datse har da manhajar da ke sa kwamfutar ta gane na'urarta ta wayales. Kafin a dawo da ita sai an shiga intanet, kafin a shiga intanet kuma sai da ita. (Na ce masa wannan ai rashin tsari ne na waɗanda suka ƙera abin. Ya ce haka ne, Baba.) Ya ciro igiyar cajin wayarsa ya haɗa wayar da kwamfutar, ya jawo intanet ta nan, ya yi ta rubutu a baƙin allon ba gaisuwa ba godiya, tana bi. Can sai ga maficin ya dawo kusurwarsa.

Da aka jona durowar aro, bai kunna bidiyon nan take ba. Sai da ya kwafe shi cikin kwamfutar, ya kuma tura wa Fuseina da 'ya'yan marigayiya, don kada ya sake zama guda ɗaya a duniya. Bai ce saboda wa ba. Ni dai darasin da na ɗauka, in an ce kowa na iya gyara abu, yana da kyau mutum ya tambaya ko an ƙidaya da shi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da hoton ya fito. Ga ƙofar gidanmu da tsohon fenti, ga mata da kwanoni a ka. Sai ga Azumi ta shigo tsakiya, ɗaurin ɗankwalinta ya karkace, tana nuna mai hoton da yatsa tana ce masa ya daina ɗaukar tukwane ya ɗauki mutane. Muryar nan tata mai kaushi ta cika rumfar. Hajiya ta matsa gaba har gwiwarta na taɓa teburin, ta kai hannu kamar za ta gyara mata ɗaurin, ta tsaya. Hawaye na zuba, tana murmushi.

Ni ma abin ya taɓa ni, kuma ni in abu ya taɓa ni, magana nake yi. Na gyara murya na fara gaya wa matan cewa in aka duba da kyau, ba don na fara buɗe aikin tun jiya ba, da ba a gano ainihin inda matsalar take ba, kuma a sana'ar gyara dole wani ya fara.

Hajiya ba ta ko juyo ba.

"Malam, yi mana shiru. Yaya na magana."