Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Madubin Ashiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Ashiru mai gyaran rediyo na Gyaɗi-Gyaɗi yake sanar da rasuwar madubinsa na ganin ƙananan halittu, wanda yara suka sani da Baba Mai Ido Ɗaya. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a bakin rariyar gidansu.

Marigayin ba yaro ba ne. A wajen 'yan gwangwan Ashiru ya tsamo shi, tsakanin matacciyar fanka da ƙafar teburi, ya yi wata biyu yana lallaɓa shi har ya buɗe ido. Shi dai Ashiru a aji biyu na sakandare karatunsa ya tsaya, sunayen sassan jikin marigayin ma bai iya faɗa ba. Amma duk Alhamis yakan goya shi a keke zuwa wata ƙaramar sakandare a Tarauni, inda Malama Felicitas take koyar da kimiyya da alli kaɗai.

An shaidi marigayin da haƙuri. Bai taɓa jiran a kawo wuta ba, hasken taga ya ishe shi. Yara sittin su yi layi, wannan ya huci a kansa, wancan ya taɓa shi da hannun awara, iyakarsa in an murɗa shi ya ce ƙiii, ƙiii. Shi ya nuna musu ɓawon albasa jere kamar ginin bulo. Shi ya nuna musu ɗigon ruwan kwata, abubuwa na ta iyo a ciki, har wata yarinya, Hafsat, ta koma gida ta hana ƙannenta wasa a can.

Ajalinsa kuwa ta hannun masoyi ya zo. Inna Asabe, mahaifiyar Ashiru, ta ji an ce iyayen yara za su zo ganinsa, ta ga bai kamata ya fita gaban mutane da dauɗa ba. Ta samu toka da soson ƙarfe ta dirje shi tas, yadda take wa tukwanenta na Sallah, har cikin idon. Idon ya kakkarce. An gwada goge shi da man goge baki. An kai shi wajen mai gilashin ido a Unguwa Uku, ya duba, ya girgiza kai. Yanzu duk abin da aka sa masa, fari kawai ake gani kamar koko.

Ya rasu ya bar ƙananan gilasai bakwai, biyu fasassu, da akwatinsa na katako, da rabin albasar da aka yanka domin gobe. Ya kuma bar 'yan aji ɗaya, waɗanda tun farkon zango ake ce musu su yi haƙuri, layinsu na zuwa. Magaji dai babu, ba a kuma sa ran samu.

Masu zuwa ta'aziyya gida, don Allah a kama baki a gaban Inna. Har yanzu murna take, ba ta taɓa ganinsa yana ƙyalli haka ba.

Za a yi masa rakiya gobe Alhamis da ƙarfe goma. Ashiru zai tura keken a ƙasa, a hankali, har makaranta. Za a ɗora marigayin a teburin Malama, 'yan aji ɗaya su kalle shi daga waje, su zana shi a littafi, su rubuta sunayen sassansa kamar yadda ake tambaya a jarrabawa. Kowa ya zo da fensirinsa.