Ranar da Aka Zo Auna Fitsarinmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da gwamnati ta aiko a auna fitsarinmu ba, kuma ko na so in manta mutanen Garwa ba za su bar ni ba. Ga ni yau da furfura har a gira, ga jikoki, amma in na bi ta kasuwa sai wani tsoho marar haƙori ya ɗaga murya ya ce, "Saifa, ina gajiya?" Ni kuwa ina da sunan yanka, rago aka yanka mini kamar kowa.

Lokacin ina ɗan saurayi, ina lekol, wato makarantar boko, zamanin da hoton shugaban ƙasa na farko, ɗan garinmu, yake rataye a saman allon kowane aji. A tsakaninmu yara maza akwai dokar da muka taso muka tarar: in yaro bai fara fitsarin jini ba, bai zama namiji ba. Har wasu manya cewa suke alamar balaga ce. Kowa a ajinmu ya fara, har 'yan firit ɗin da ba su kai kafaɗata ba. Ni kaɗai nawa fari tas kamar ruwan randa.

Ga kuma wani abin haushin. Innata ta hana ni shiga kogin Binuwai, domin ƙanenta ya nutse a ciki tun kafin a haife ni, ta rantse in na tsoma ƙafa ba ta yafe mini ba. Sai in bi yara bakin ruwa in zauna. Hamadu, ɗan wani mai kwale-kwale, shi ne babban ajinmu, shi ya naɗa ni sarkin gadin riguna. "Ke yarinya, kula da wandona," yake cewa kafin ya faɗa ruwa. Da abin ya ishe ni sai na shara musu ƙarya, na ce ai nawa ma ya fara ja, da asuba ne yake zuwa. (Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, na sani, amma furen ya yi mini kyau na ɗan lokaci.)

Kwatsam wata rana malaminmu, wanda muke ce wa Metir, ya ce gobe masu bincike za su zo daga Yawunde. Gwamnati tana so ta san yawan yaran da ke da wata cuta a garuruwan bakin kogi, don haka kowa zai yi fitsari a kwalba, da hantsi, a jera a kan tebur a gindin darbejiya. Ku ji fa, a kan tebur, a gaban kowa! Har yau ina tambaya, wane marar kunya ne ya tsara wannan? Fitsarin mutum ai sirrinsa ne. Hamadu ya juyo ya kalle ni yana murmushi, ya ce, "Gobe za mu ga na asuba."

Babana mahauci ne. Da safe na bi ta rumfarsa kamar na zo gaisuwa, yana ciniki da wata mata, na ja saifar bijimi na naɗe a takardar siminti na cusa a aljihun wandon kakina.

Masu binciken su biyu ne da direba: wani likita Bature mai jan gemu, da ma'aikacin asibiti, Malam Matiyu, Kirista daga duwatsun Mokolo, shi ke yi masa tafinta da Hausar kasuwa. Aka raba kwalabe. Na zaga bayan katanga na yi abin da aka ce, sannan na fito da saifa na matsa. Da na tsaya a ɗigo kaɗan da na tsira. Amma ina, zuciya ta ce sai na fi Hamadu. Na matsa, na ƙara matsawa, na mayar da sauran aljihu saboda ban ga inda zan jefar ba tare da an gani ba.

Na sauran yara kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Nawa kuwa ja wur har yana baƙi-baƙi. Na ajiye a kan tebur. Hamadu ya matso ya leƙa, ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Kai! Gorko!" wato namiji, da Fillanci. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban sake jin irinsa ba sai ranar aurena.

Daɗin bai kai ko'ina ba. Bature ya ɗaga kwalbar a rana ya ce, "Mon Dieu!" Malam Matiyu ya durƙusa a gabana ya ce, "Yaro, tun yaushe kana yi haka?" Na buɗe ƙirji na ce, "Ya daɗe." Suka yi magana da Faransanci da sauri, Metir ya aika a kira ubana. Ba a jima ba sai ga Baba a guje, hannu duk maiƙo, Inna a bayansa tana salati tana kuka, ta ɗauka gawata za ta tarar.

A nan ne takardar siminti ta ci amanata. Jinin ya ratsa aljihu ya sauko cinya, ƙudaje suka yi mini rawani. Bature ya nuna wandon ya ƙwala ihu, aka kwantar da ni a benci. Ina riƙe wando ina cewa na warke, Malam Matiyu yana cewa, "Saki, yaro, jini yana zuba!" Ya lalubi aljihun, ya tsaya, ya zaro abin a hankali ya ɗaga sama. 'Yan matan ajin kusa duk suna taga.

Baba ya daɗe yana kallon saifar. Can ya ce, "Ashe ba shirwa ba ce. Tun safe nake tsine wa shirwa."

Ba sai na faɗa muku irin dariyar ba. Metir yana ta "Silence! Silence!" shi ma hawaye na zubo masa. Hamadu har birgima ya yi a ƙasa.

To ga inda raina yake ɓaci har gobe. Aka sake ba ni kwalba, Malam Matiyu ya tsaya a kaina har na yi. Suka duba na kowa a madubinsu mai ƙara girman ƙwayar cuta. Sannan Malam Matiyu ya tara mu ya ce jan fitsarin nan ba balaga ba ne, tsargiya ce, wata tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin kogi ta shiga jiki ta riƙa cin mafitsara. Bature ya ɗaga kwalbata ta biyu, fara tas, ya dafa kaina, aka ce a duk ajin ni kaɗai ne mai lafiya. Ni kaɗai! Kuna tsammani wani ya tafa? Wani ya ce yi haƙuri, ashe mu ne marasa lafiya? Ko ɗaya. Kafin a tashi sunana ya koma Saifa. Ajin masu tsutsa ne ke yi wa mai lafiya dariya, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Su ma masu binciken ban yafe musu duka ba. Suka kwashe kayansu suka ce magani zai biyo baya in an gama nazari. Ya biyo, amma sai bayan damina, aka sha aka yi ta amai, washegari kowa ya koma kogi. Ina kuma za su je? Can ne wanka, can ne wanki, can ne sana'ar iyayensu.

Hamadu ya gaji kwale-kwalen ubansa, ya ƙare rayuwarsa a cikin ruwan nan. Da muka manyanta mafitsara ta kama shi, fitsari ya zama sai da kuka. Ni na raka shi asibiti a Ngawundere, a bayan motar ɗaukar shanu. Yana kwance ya rame, ya kamo hannuna ya ce, "Saifa, da na sani da ni na karɓi gadin rigunan nan."

Na ce, "To tunda ka gane, ka daina kirana da sunan nan."

Ya yi dariya har ciwo ya murɗa shi, ya ce, "Wannan kam sai bayan raina."

Ya cika alkawari, bai daina ba sai da ya rasu, kuma ya bar magada a kasuwa. Ni dai abin da na koya ke nan: in ka ga jama'a suna alfahari da wani abu da ba ka da shi, ka fara tambayar likita kafin ka je rumfar ubanka sata. Allah ya ba ni lafiya kyauta, na sa hannu na sato ciwo, shi ma ɗin na bijimi.